Takabar da Ta Ci Taurarina

Halima, kin daɗe ba ki taka gidan Baffanku Sale ba sai in rasuwa aka yi ko suna, kuma ko kin je gaisuwarki ba ta wuce bakin ƙofa. Matarsa ce ta faɗa min, shi bai taɓa ɗaga maganar ba. Kai kuma Audi, tun kana firamare wani mai dogon baki ya raɗa maka cewa kai ka hana uwarka zama Dakta, ka haɗiye maganar kana yawo da ita har ka yi gemu. Ku biyun duk ba ku canka ba. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara bin sawunta, gara in rubuta muku yadda shekarar nan ta tafi, kafin masu ba da labarin da ba su gani ba su gaje ni.

Sai na fara da aikin kansa, don na lura ku ma ba ku san abin da ya kai ni Afirka ta Kudu ba. "Karatun taurari" kawai kuke cewa, kamar matan unguwa da suka riƙa aiko min a duba musu ranar biki. Taurari ba a warwatse suke ba, garke-garke suke, kowane garke da taurarin da ba su ƙirguwa. Turawa na ce masa galaksi. Mahaifinku Habu, da yake malamin dabbobi ne, shi ya sa masa garke, sunan kuma ya bi bakina har yau. Akwai manyan garkuna masu haske da kowa ke rububi a kansu, akwai kuma ƙanana, dusu-dusu, can nesa, waɗanda ba wanda ya damu da su. Su na zaɓa, wataƙila don na san yadda abin yake. Tambayata ita ce, har yanzu ana haihuwar sababbin taurari a cikinsu, kuma wane iri? Sabon tauraro babba zafi gare shi, ba ya kuma daɗewa, yawancin haskensa irin wanda ake kira ultrabayolet ne. Ido ba ya ganin wannan haske, iskar da ta lulluɓe duniya ma ba ta barin mafi yawansa ya sauko, don haka daga tauraron ɗan'adam ake ɗauko hotonsa. Duk garken da yake ƙyalli da shi, akwai sababbin haihuwa a ciki.

Shekara biyu na yi ina tsintar waɗannan garkuna ɗaya bayan ɗaya a cikin hotunan, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har idona ya fara ruwa. Amma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an saita babban madubin hangen nesa a kan kowanne, an tara ɗan hasken da ke isowa ƙasa, an tsefe shi zuwa launukansa irin na bakan gizo. A cikin launukan akwai layuka, su ke faɗin nisan garken da irin taurarin da yake haifa. Ni zargina shi ne ƙananan garkunan nan ba sa haifar taurari mafiya girma yadda littattafai suka ce kowane garke na yi. Idan aka tsefe hasken aka ga wani layi na iskar haidirojin ya fito da rauni, alhali ultrabayolet ɗin na da ƙarfi, to na yi gaskiya, digirina kuma ya tsaya da ƙafarsa. Matsalar ita ce madubin ba na kowa ba ne. Nemansa ake yi kamar kujerar Makka, a jira, a ba ka 'yan darare a shekara, in ma an ba ka. Ɓangaren saman da garkunana suke kuma yana da lokacinsa, in ya wuce rana ce ke rufe shi sai wata shekarar. A shekarata ta uku, wadda ita ce ta ƙarshe a tallafin karatuna, aka ba ni dararen.

Duk wannan lokaci mahaifinku yana nan Azare a gidan Dada, mahaifiyarsa, yana riƙe da ke Halima. Abokansa sun yi masa tsiya har sun gaji. In suka tambaye shi ina uwargida, sai ya ce, "Tana wajen kiwo. Ni na ƙasa nake yi wa allura, ita na sama take ƙirgawa." Ban taɓa jin ya ce in dawo ba, ko da wasa.

Da damina na zo hutu, saura 'yan kwanaki in koma. Wata safiya aka kira shi Chinade, shanun wani Bafulatani sun kamu da ciwon baki da kofato. Ya hau babur ya ce in ajiye masa ɗanwake. A hanyar dawowa motar itace ta kwashe shi a wata kwana. Kafin la'asar aka shigo da shi a bayan a-kori-kura, takalmansa na roba duk laka, an cire an ajiye a gefensa. Ba zan tsaya a kan wannan rana ba. Ke Halima kin tuna wani abu daga ciki, abin da kika manta kuma Allah ne Ya yi miki sauƙi.

Na shiga takaba a ɗakina na gidan Dada, wata huɗu da kwana goma kamar kowace mace. Gidan Dada ba a wasa da takaba. Ba kwalli, ba turare, ba madubi, magana ƙasa-ƙasa, tafiya a hankali, in zan zaga bayan gida a ba ni 'yar wuƙa in riƙe. Ban yi musu da ko ɗaya ba, ban ma da ƙarfin musun. Amma dararen madubina suna tsakiyar takabar, wannan kuma ya riƙa ci na ko a makon farko, ina zaune cikin masu gaisuwa. Ga inda Baffanku Sale ya shigo, Halima, ki karanta da kyau. Shi ya je wurin malamin unguwa, ya koma, ya sake komawa, yana neman ko akwai wata kafa da za ta ba mai takaba damar tafiya saboda lalura. Malam ya ce fita da rana don buƙata daban, ƙetare ƙasa daban, babu. Baffanku ya dawo ya tsaya a bayan labulena ya faɗa min, muryarsa kamar shi aka hana.

Saƙonnina da malamata suna bi ta hannun Maman Chidi, maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa. Daga Kudu aka kawo ta tana amarya, ta zauna Azare har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Mijinta ke da shagon intanet a bakin kasuwa, lokacin abin sabo ne a garin. Sai in rubuta a takarda, ta kai a buga, ta dawo da amsa a ƙulle a bakin zaninta. Malamar tawa wata dattijuwar Baturiya ce, Farfesa, mai shan taba kamar bututun injin niƙa, ba ta iya ta'aziyya ba amma ta iya aiki. Ta bi wani mai bincike ta roƙe shi suka yi musayar darare, aka mayar da nawa zuwa makon da ke bin ƙarshen takabata. Ta rubuto cewa wannan ne iyakar inda sama za ta jira ni, kuma akwai wasu a Turai da ke bin sawun tambaya ɗaya da tawa. In ban zo ba, dole ta ba wani ɗalibin dararen da garkunan, don ba a barin madubi ya kwana a banza. Na ce mata zan zo. Baffanku ya yi magana da direban da zai kai ni filin jirgi a Kano.

A wata na biyu na lura al'adata ba ta zo ba. Na ce baƙin ciki ne, yana yin haka. A wata na uku na daina yi wa kaina ƙarya. Wata rana Maman Chidi ta shigo da saƙo daidai lokacin da aka kawo min tuwo da miyar kuka, warin daddawa ya doke ni na kawar da kai na toshe hanci. Ta dube ni tun daga fuska har ƙafa, ta tura ƙyauren da ƙafarta.

"Malama, wannan ba baƙin ciki ba ne."

"Maman Chidi, ki rufa min asiri."

"Ni me na gani? Atamfa nake sayarwa." Ta zauna a bakin gado. "Amma ki bar wannan ƙaramin mayafin, ki koma babban hijabi. Tsofaffin gidan nan idonsu ya mutu, hancinsu bai mutu ba."

Ku da kuka yi islamiyya kun san hukuncin. Takabar mai ciki ba ta ƙarewa da ƙirgen wata, sai ranar da ta haihu. Wato in aka sani, ƙofa za ta ci gaba da rufe a kaina har bazara, dararena kuma su wuce. Ni da Maman Chidi kaɗai muka sani. Na shirya abina tsaf. Zan yi shiru, a fitar da ni ranar da aka sa, in tafi in hau dutsen da madubin yake, in tsefe haskena, sannan in bugo waya in ce a can likita ya gano. Mata nawa ne ciki ke ɓoye musu har wata biyar? Ba wanda zai ce na sani. Audi, ka lura da wannan: ban taɓa tunanin rabuwa da kai ba, tare za mu tafi, kana ciki ina aiki. Ba a taɓa ɗora ka a sikeli ɗaya da taurarin ba.

Ranar fita ta zo. Tun hantsi mata suka cika tsakar gida, an ɗora ruwan wanka da ganyen magarya, an jiƙa lalle, an fito da sabuwar atamfar da Maman Chidi ta ba ni kyauta. Jakata a ɗaure take, direba zai zo washegari. Al'adar gidan ita ce kafin a yi wa mai takaba wankan fita, babbar tsohuwa ta keɓe da ita ta tambaye ta ko akwai wani abu a jikinta. Na san da tambayar, na yi wata biyu ina gwada amsar a bakina har ta yi santsi. Dada ta shigo tana lalube bango, ta zauna a tabarma ta kamo wuyan hannuna. Tun rasuwar ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Habu ne autanta, kuma a hannu ya fi kama da ita, yatsu dogaye masu faɗin farce. Na jira ta yi tambayar yadda ake yi, in ba ta amsar da na tanada. Ba ta yi ba. Sai ta ce a hankali, kamar mai faɗa wa kanta, tana kirana yarinyata da Fillancinta:

"Ba komai ko, ɓingel am? Na sani. Da akwai da na ji a jikina. Ya tafi ke nan gaba ɗaya."

Ba ta nemi rantsuwa ba, ba ta ma nemi in buɗe baki ba. Kai kawai zan gyaɗa, shi ke nan, a kai ni wanka. Zan so in ce muku tsoron Allah ne ya riƙe ni, amma tsoron Allah bai hana ni shirya ƙaryar wata biyu ba. Abin da na sani shi ne na shirya wa tambaya, ban shirya wa tsohuwar da ta riga ta haƙura ba. Wuyana ya ƙi. Muka zauna haka tana riƙe da hannuna, ina jin mata a waje suna cewa ruwa zai huce. Sai na ɗauki hannun nata na cusa ƙarƙashin hijabin na ɗora a kan cikina.

Ba a guɗa a gidan makoki, don haka Dada kuka ta yi, irin wanda ake yi da baki a buɗe ba sauti. Kafin azahar labari ya gama unguwa. Aka zubar da ruwan wankan a gindin darbejiya, aka ninke atamfar aka mayar cikin leda, Dada ta sa a dama kunu a raba sadaka. Gidan da ya yi wata huɗu ba a yi dariya ba ya cika da barka. Mata suna shigowa suna shafa kaina suna cewa Allah Ya share min hawaye, ni kuwa ina zaune ina jin kamar an sake shigo da gawa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yini ba.

Da yamma Baffanku Sale ya zo ya tsaya a bayan labule.

"Rakiya, Dada ta sa ki rantse ne?"

"A'a, Yaya."

"To me ya kai ki? Da kin yi shiru. Wallahi da kin faɗa min, da na ɗauki rabin zunubin na kai ki Kano da kaina." Ya yi gyaran murya. "Habu ba zai ji daɗin wannan ba."

Wannan shi ne mutumin da kika ƙi gaisarwa da kyau, Halima. Da bakinsa ya sallami direban, kuma har na haihu bai bar ni na nemi ko sabulu ba.

Na aika wa Farfesa. Amsarta layi uku ce, ta ce ta yi baƙin ciki, ta ce ba ta gane ba amma ba sai ta gane ba, ta ce wani ɗalibinta ɗan Indiya zai hau dutsen. Na san yaron, mai kirki ne, ni na koya masa yadda ake tace hotunan. A makon da ya kamata ina can, ina nan ina tsinkar zogale da matan gida, ina ƙirga a raina yau wane garke suke kai. Ban yi wa kowa magana mai daɗi ba a makon nan. Ke Halima kin kawo min wani zane da kika yi a makaranta na ce ki fita ki ba ni wuri, ban sani ba ko kin tuna.

Da zafi ya fara, cikina ya yi nauyi, Maman Chidi ta shigo da takardu masu yawa, ta ce mijinta ya ce waɗannan sun kusa cinye masa tawada. Farfesa ce ta aiko da abin da aka samo, hasken kowane garke a shafinsa, an tsefe shi ya zama dogon zane mai hawa da sauka. Na shimfiɗa su a tabarma na durƙusa da ƙyar. Na duba inda layin haidirojin ya kamata ya miƙe a shafin farko, ga shi nan gajere. Na biyu haka. Na bi su har na ƙarshe, in ban da 'yan kaɗan duk haka suke. Na gane kowane garke kamar yadda mahaifinku ke gane saniya da tabon goshinta, na tuna ranar da na tsinto kowanne. Na yi gaskiya. Maman Chidi tana tsaye a kaina tana firfita da gefen mayafi.

"Malama, an ci ko an faɗi?"

"An ci."

"To kukan na mene ne?"

Kukan da na yi a kan takardun nan ya kai wanda na yi ranar da aka shigo da mahaifinku, kuma ban ga dalilin ɓoye muku ba.

Sauran kun san shi, ko da a gutsure. Binciken ya fito bayan shekara guda, sunan yaron nan ɗan Indiya a farko, nawa a tsakiya, an ma rubuta shi daidai. Shi ya zama Dakta da garkunana, kuma ban riƙe shi a zuci ba, shi ya sha sanyin dutsen. Farfesa ta ce in dawo mu fara wata tambayar daga tushe, amma tallafin ya ƙare, ta nema min wani ba a samu ba, ta yi ritaya, wasiƙu suka yi ta raguwa har suka tsaya. Na karɓi alli na koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata har ƙarfina ya ƙare. Na yi ɗalibai masu kai, ban ce na yi asarar rayuwa ba. Amma kada wani ya tsaya a kan kabarina ya ce na haƙura da zuciya ɗaya. Ban haƙura ba. Har yau in na ji an ce Dakta wance, wani abu na suka ta a ƙirji. Sai dai ba Dada ce ta tsare ni ba, ba Baffanku ba ne, ba kuma jaririn da bai san an yi ba. Hannuna ne ya ɗauki nata.

An haife ka da hantsi, Audi, ranar da zafi ya kai har ƙadangaru sun nemi inuwa. A gida na haihu, ungozoma ta yanke cibi ta miƙa ka ga Dada. Ta shafa fuskarka da yatsunta tun daga goshi har haɓa, don ido ba ya nuna mata, ta kira sunan ɗanta sau biyu. Ni ina kwance na juya fuskata bango, ban nemi in gan ka ba. A lokacin rana ta riga ta rufe ɓangaren saman da garkunana suke, dararen sun tafi, wani yana rubuta abin da na gano. Sai na ji Dada ta matso da gwiwa ta dafa kafaɗata, muryarta cike da murna, da zuciya ɗaya take min albishir.

"To ɓingel am, kin fita. Takaba ta ƙare. Yau ba wanda ya isa ya tsare ki, duk inda kike so a duniyar nan ki je."

Kana ta tsala kuka a hannunta. Na daɗe ina kallon bangon.

"Ba inda za ni, Dada," na ce. "Miƙo min shi."